Habibu ya tafi da lambobin a kansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko da safen nan aka kira ni daga Toranke, wai Habibu ya rasu. Zazzaɓin kwana uku.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ya haɗa mana ɗakin kwamfuta a Islamiyyarmu a Gaya. Ɗalibina ne tun yana cin alli. Ya girma ya zama Injiniya, amma bai taɓa barina na ɗauki butata ba in yana wurin.

Shi ya koya wa tsoho irina cewa kowace kwamfuta tana da adireshi, 'yan lambobi, kuma hanya biyu ake bayarwa. Ko a bar na'ura ta raba da kanta, otomatik, wanda ya riga zuwa ya samu. Ko mutum ya zauna ya rubuta wa kowacce nata da hannu.

Habibu na hannu ne. Yadda mahaifinsa ya san iyakar kowace gona a unguwarsu, haka ya san lambar kowace kwamfuta. Kuma kamar mahaifin nasa, bai rubuta ko ɗaya a takarda ba.

Na ce masa, "Kai da ka yi boko, ka bar na'ura ta raba mana." Ya ce, "Malam, otomatik ba laifi ga baƙi. Amma uwar ɗaki ba ta kwana yau nan gobe can."

Uwar ɗakin ita ce ƙaramar baƙar kwamfutar da ke kan kabad. A cikinta tambayoyin jarabawa suke, sauran duk wurinta suke zuwa ɗauka.

Ranar Litinin ya zo, idonsa ja, yana rawar sanyi. Wata malamarmu ta mayar da komai otomatik don sababbin laftof su shiga, kwamfutoci biyu suka kama rigima kan lamba ɗaya, uwar ɗaki ta ɓace musu. Ya zauna ya lallaɓa ta har ta dawo.

Ya ce, "Malam, kawo biro in faɗa maka lambobin."

Na ce, "Kai, tashi ka je ka sha magani. Lambobi guduwa za su yi?"

Ya yi dariya. A bakin ƙofa ya juyo. "To kar a bari uwar ɗaki ta mutu. Na ɗaura mata lambarta ne kawai, ban adana ba. In ta mutu ta tashi, ba za ta gane gidanta ba."

Ni na hana shi faɗar lambobin. Ku shaida.

Asabar ce jarabawar yaranmu, har da waɗanda ke tahowa daga Kademi da Balan. Tun jiya hadari ya rufe rana, sola ba ta ja, kuma ita ce kaɗai wutarmu. Na leƙa ɗakin yanzu, fitilar batirin da na sani kore ta koma ruwan ɗorawa. Na kashe fanka, na kashe ƙwayayen lantarki, na cire cajar kowa. Uwar ɗaki kaɗai na bari a kunne.

Ga mashin yana jirana, ƙarfe sha ɗaya za a yi jana'iza. Ban san abin da zan tarar ba in na dawo.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da sauran numfashi, ku roƙa mana rana ta fito kafin la'asar.