Ranar da Aka Goge Sunan Malam Sabo

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwar Malam Sabo ba. Ni ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke wajen Ƙofar Gayan, shi kuma shi ne shugaban sashen katin marasa lafiya tun kafuwar wurin.

Ku sababbin ma'aikata, bari in yi muku bayani. Duk katunanmu suna cikin rumbun bayanai guda. Kwamfutar likita ko ta ɗakin magani ba ta san inda rumbun yake ba. In an kunna ta, sai ta tambayi wata na'ura da muke kira dairektori, ita ke ba ta adireshi da kalmar sirrin shiga. Lokacin da aka kafa tsarin, don girmamawa, aka rataya waɗannan bayanai a ƙarƙashin sunan Malam Sabo. Mun saba, babu abin da ake buɗewa a gidan nan ba da sunan babba ba. Sau da yawa na nemi izinin mayar da su sunan asibiti, ana ce mini raini ne.

Ran Asabar muka kai shi makwancinsa. Litinin da safe ina gidan makoki a cikin gari aka kira ni, wai ko kati ɗaya ya ƙi buɗuwa. Na tarar da layi har bakin ƙofa. Ina dubawa na ga an share sunan Malam gaba ɗaya. Sai na wuce ofishin Alhaji Bala, jami'in mulki.

"Yallaɓai, wa ya taɓa dairektori?"

"Ni ne. Wanda ya rasu ai ba ma'aikaci ba ne. Procedure ke nan, haka ƙa'idar aiki ta ce."

"Ko addu'ar uku ba a yi ba fa."

"Kai dai je ka gyara, aikinka ne."

Raina ya yi mummunan ɓaci. Fankar ofishina ta shekara a lalace, procedure bai motsa ba, amma goge mamaci ya yi sammako.

A layin akwai wata tsohuwa, Gwaggo Hansai, daga wani ƙauye take zuwa karɓar maganin hawan jini. Ba ta san sunan maganin ba, kwalin ma ta yar. Likitanta yana hutu, wanda ke aiki ya ce ba zai rubuta mata da ka ba, kuma da gaskiyarsa. Ta riƙe mini hannun riga.

"Ɗan nan, farare ne ƙanana. Malam Sabo ya san shi."

"Gwaggo, ki ɗan ƙara haƙuri."

"Motar garinmu ba ta wuce azahar."

Dawo da sunan daga kwafin da muke ajiyewa sai da sa hannun jami'in mulki, shi kuwa ya tafi gaisuwa gidan mutumin da ya goge. Bai ɗaga waya ba. Sai la'asar ya dawo ya sa hannu. Ina dannawa katuna suka buɗe. Nata na fara nema, ga sunan maganin ɓaro-ɓaro. Na fita da gudu, benci babu kowa.

Ba ta da waya. Na ba direbobin garinsu saƙo, na sake bayarwa. Ba ta dawo ba, kuma ban san abin da ya same ta ba.

Don haka nake gaya muku, kada ku rataya aikin jama'a a wuyan sunan mutum ɗaya, komai girmansa, kuma kada ku goge komai sai kun tambayi abin da ke jingine da shi. Alhaji Bala an ƙara masa girma a shekarar. Katin Gwaggo Hansai yana nan, ba a sake rubuta komai a cikinsa ba.