Bargon da Asu Bai Ci Ba

A gidan adana kayan tarihin nan, in ka tambayi sunansa na yanka sai an je an duba takarda. Mai Hoda kowa ke ce masa, tun daga maigadi har shugaba, shi kuma yana amsawa ko kai bai ɗago ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu. Ɗakin aikinsa yana can ƙasa, sai ka sauka matakala ka bi wani lungu mai ƙwan fitila ɗaya. Ciki kantoci ne na ƙarfe har rufi, cike da rigunan mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, da dardumai, da fatu, da tsuntsayen da aka cusa wa auduga suna kallonka da idon kwalba. Aikinsa ɗaya ne, kada ƙwaro ya ci kayan nan. Kuma samun mutumin da ya tsani wata halitta kamar yadda bawan Allahn nan ya tsani asu, sai an tona.

Amma da gobara za ta tashi a ce ya ceci abu ɗaya a duniya, ba a ɗakin nan zai ɗauka ba. Abin da yake ji da shi yana gida, a ƙasan akwatin ƙarfe. Bargon jariri ne na farin ulu, wanda matarsa ta saƙa kafin ta rasu, aka ajiye wa jikan da 'yarsu Auta za ta haifa. Ga shi yanzu cikin Auta ya tsufa.

Mai Hoda ɗan tela ne, da shara ya fara a gidan tarihin yana saurayi. Tsohon da ke riƙe da ɗakin a lokacin ya lura yaron nan ba ya ture kaya da tsintsiya, ɗagawa yake da hannu biyu ya share ya mayar. Ran nan ya kira shi, ya jawo aljihun kanta, ya ɗaga wata riga sama. Haske ya ratsa ta ta ko'ina kamar rariya.

"Ka ga wannan?" in ji tsohon. "Ta tsira daga yaƙi, ta tsira daga ambaliya. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba shi ya gama da ita."

Sannan ya sauko da wani babban gwangwani da rubutun jikinsa ya goge tun tuni. Farar hoda ce a ciki, ta fi fulawa laushi, ba ta da wari. Yaron ya kai hannu zai ɗauki buroshi, tsohon ya buge masa hannu.

"Buroshi na malalata ne. Buroshi ba ya jin ɗinki. A kalmasa asu ke ƙwai, a ƙarƙashin wuya, a cikin aljihu. Da yatsa ake bi."

Da yatsa ya bi kuwa, duk rayuwarsa. Ya dangwalo, ya murza a kalmasa, ya juya riga ya sake murzawa. Tsohon ya mutu da wani ciwon fata da tari, aka ce tsufa ne, ɗakin da gwangwanayen suka koma hannun Mai Hoda. Tafin hannunsa ya yi kanta, wasu ƙuraje masu tauri kamar tsakuwa suka fito masa, shi kuma har nuna su yake yi, wai shaidar aiki. Tun da ya karɓi mabuɗin ba a sake jin asu ya ci ko zare ɗaya ba.

Matarsa kuwa mace ce mai baki, ga barkwanci. In maƙwabta sun tambaye ta aikin maigidan sai ta ce, "Kowace mace mijinta ita yake saya wa hoda. Ni nawa asu yake shafa wa." Ya yi kamar bai ji ba, alhali daɗi ne fal cikinsa.

Wata rana za ta je gaishe da iyayenta, ta buɗe akwati ta ɗauko mayafinta na ulu da ta fi so, sai ga ramuka uku a tsakiya. Ta zauna a bakin gado tana hawaye. Shi kuma kunya ta rufe shi, ya tsaya riƙe da mayafin yana maimaita, "A gidana? A gidana?" Washegari ya dawo daga aiki da gwangwanin madara cike da hodar.

Kada wani ya ce mugunta ce. Wallahi so ne, irin na mutumin da bai iya faɗa da baki ba sai da hannu. Lokaci-lokaci zai zazzage akwatin a tabarma, ya bi kayanta ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kalmasa da wuya da aljihu, kamar yadda yake yi wa rigunan tarihi. Ita kuma tana gefe tana tsokanarsa: "In ka gama ka liƙa mini lamba ka ɗora ni a kanta." Matan unguwa na kukan asu, gidan Mai Hoda ko labari.

Ciki ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Da ƙyar Auta ta tsaya, ita ce ta fari, ita ce auta. Kayanta ba su taɓa shiga akwatin ba, don kafin a yi maganar ajiya ta yage su ko ta fi ƙarfinsu, daga baya kuma ta tafi makarantar kwana. Uwar ce ta fara ciwo a hankali. Baƙaƙen ɗigo suka fito mata a wuya da baya, sannan ƙafafu suka fara mutuwa, tana cewa ji take kamar auduga take takawa. A asibiti wannan ya ce jijiya, wancan ya ce jini. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin akwati, to wa ma zai tambaya? In ta ce sanyi take ji, shi da kansa yake buɗe akwatin ya ɗauko mayafi mai kauri ya lulluɓe ta har haɓa.

A kwancen nan ta saƙa bargon. Yatsun ba sa jin kwarashi sosai, ya faɗi ta lalubo, ya faɗi ta lalubo, amma ta ƙi ajiyewa. Ranar da ta gama ta miƙa masa.

"Ni ba zan ga ɗan Auta ba, kada ma ka fara yi mini musu. Ka adana masa wannan. Aikinka ne ai."

Ya adana. Babu rigar tarihin da ta sha hoda kamar bargon nan.

Yana dab da ajiye aiki aka kawo sabon tsari, wai za a buɗe ɗakin da 'yan makaranta za su riƙa taɓa wasu kayan da hannunsu. Kafin nan sai an gwada kayan, aka turo wata matashiya mai gwaji. Ta sauko ɗakinsa da wata na'ura mai kama da abin busar da gashi, ta gaishe shi da ladabi. In ta ɗora bakin na'urar a kan yadi, ƙaramin allon da ke bayanta sai ya nuna abin da ke jikin yadin. Mai Hoda ya harɗe hannuwa yana kallo, a ransa yana cewa in asu take nema ta makara.

Ta gwada riga ta farko, ta sake gwadawa. Ta gwada darduma, ta gwada wani tsuntsu, ta gwada katakon teburinsa. Sai ta ja da baya ta ciro takunkumi ta rufe hanci.

"Baba, da me kake maganin ƙwari?"

Ya nuna mata gwangwanin da alfahari. Ta ɗora na'urar a bakinsa, ta dubi allon, ta dube shi.

"Wannan guba ce, Baba, arsenik ake ce mata. A da haka ake yi a gidaje irin wannan, amma an daɗe da dainawa. Ba ta tashi daga jikin kaya. Mu ga hannunka."

Ya miƙa. Ta daɗe tana kallon ƙurajen nan da yake kira shaidar aiki, ta ce lallai ya ga likita.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Aka rufe ɗakin, aka liƙa jar takarda a ƙofa, aka ce ba mai shiga sai da safar hannu da takunkumi, har shi. Shi fa! Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, yana cewa yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa kaya. Tunaninsa bai taɓa tsallaka ƙofar ɗakin ya nufi gida ba, sai da Auta ta kira shi a waya.

"Baba, likita ta ce kowane lokaci yanzu. Ka fito da bargon Mama ya sha iska."

Ya ce to. Ya ajiye wayar, idonsa ya sauka a kan akwatin ƙarfen da ke kusurwa. Nan take ya zauna a ƙasa.

Da safe ya kai wa mai gwajin bargon a ofishinta, a naɗe cikin takarda. Bai yi dogon bayani ba, ya ce na gida ne. Ta sa safar hannu, ta gwada gefe, ta gwada tsakiya. Bai iya karanta allon ba, amma fuskarta ya karanta.

"In an wanke fa, 'yata?"

"Ulu ne, Baba, ya sha har cikin zare. Ko an wanke an sake wankewa, ni ba zan ɗora shi a jikin jariri ba."

Ya gyaɗa kai. Ya yi ta murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Misali mutum ya daɗe yana sa kayan da aka yi wa haka. Shekara da shekaru. Yana iya jin ƙafarsa kamar yana taka auduga?"

Ta ajiye na'urar a hankali. "Wane ne, Baba?"

"Ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta. Na'urata kaya take gwadawa, ba zan iya ce maka ga abin da ya yi ajalinta ba. Yana iya yiwuwa, yana iya zama wani abu dabam."

Ya yi mata godiya. Kirki ta yi masa, ya sani, ta bar masa 'yar ƙofa ya fita. Sai dai shi ne mutumin da ya ja mayafin nan har haɓarta, ƙofar ba ta ishe shi wucewa ba. Ta saka bargon a leda mai kauri, ta liƙe baki, ta manna jar takarda, ta miƙa masa.

Auta ta haifi 'ya mace. Da la'asar ya je gidanta, da sabon bargon kanti a hannu, ledar kuma a cikin jakar aikinsa don ya kasa barinta a ko'ina. Ya sami Auta zaune a gado da jaririyar a cinya. Ta yi murmushi, ta dubi bargon kantin mai zanen agwagi, murmushin ya tsaya.

"Ina na Mama?"

Tun a hanya ya shirya ƙaryar. Ƙaryar za ta zubar masa da mutuncin sana'a, amma ya gwammace haka.

"Asu ya ci."

"Asu? A gidanka?" Ta girgiza kai. "Baba, faɗi wata dai."

Sai ya faɗa mata, yana tsaye. Ya faɗi gwangwanin madara, ya faɗi akwatin, ya faɗi abin da mai gwaji ta ce, har da inda ta ce ba ta da tabbas, bai rage komai ba. Auta ba ta katse shi ba. A da ita ce ke matsa wa uwarta ƙafafu in ta zo hutu, uwar tana cewa ƙara ƙarfi, ban ji ba. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, don hannunta ya matse jaririyar har ta motsa.

"Yana ina?"

Ya ciro ledar. Ta kwantar da 'yar can bayanta wajen bango, sannan ta karɓa. Ba ta buɗe ba. Ta bi saƙar da yatsa ta kan ledar, daga inda take a matse tsaf har zuwa inda ta fara sakwarkwacewa.

"Nan ne yatsunta suka daina ji," in ji ta. Ta juya ledar, ta duba baya, ta duba gefuna. Bargon fari tas, kamar jiya aka cire kwarashi. "Ko rami ɗaya babu."

"Babu."

"Ka iya aikinka, Baba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi masa sauƙi. Ta miƙa masa ledar, ta sauko ta je ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta ɗauki 'yarta ta juya wajen bango tana ba ta nono. Ba ta ce ya ɗauki jikarsa ba, shi ma bai roƙa ba. Ya mai da hannuwansa baya ya leƙa daga nesa, ya hango kunne ɗaya da ɗan gashi.

Washegari ya sa safar hannu da takunkumi ya sauka ɗakinsa. Ya nemi kanta mai tsabta can sama, inda danshi ba ya kaiwa, ya ɗora bargon kusa da rigunan da ba wanda zai sake sawa. Sannan ya kashe fitila ya hau sama ya mai da mabuɗin.