Saƙon da Malama Saratu ta bari a hannuna

Don Allah duk wanda ya ga wannan ya tsaya ya saurare ni yanzu, kada ya ce sai anjima.

Yau da safe labari ya iske ni. Malama Saratu ta rasu a asibiti.

Ni ce Iya Abu, mai ƙosai a bakin get ɗinmu a nan Masaka. Ban yi boko ba, ban iya waya ba. Maman Hanifa ce ke rubuta min a shafinta, na kuma ce mata kada ta gyara, ta sa yadda na faɗa. 

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanina da Malama. Ita Kirista, ni Musulma. Tsohuwar tica ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni kuma nawa suna can Abuja wajen aiki, sai ƙarshen wata nake ganinsu. Duk waɗanda muka shigo gidan nan tare sun tashi. Mu biyu muka rage.

Yanzu ni kaɗai.

Da na zo sabuwa, na ji kowa yana cewa kamfawun, kamfawun. Na ce mata, mu a garinmu gida muke cewa, wannan kuma wane irin suna ne, kamar na magani?

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, ai ba ki yi nisa ba. A littafinmu na makaranta, in an haɗa abubuwa daban-daban suka zama abu ɗaya, haka ake kiransa. Sunan na gida kuma ba ma na Turawa ba ne, can wata ƙasa ta gabas suka aro shi, wai a can ƙauye yake nufi. Ƙauye ne muke ciki, katanga kawai aka zagaya mana."

Na ce to ƙauyen da ba danginka ko ɗaya?

Ta ce, "Ni ɗin mece ce?"

Ita ke ɗaura min zare a kwalbar magani, ja na safe, baƙi na yamma, tunda ba na iya karanta rubutun. Jiya aka kawo min sababbi, suna nan a leda ban taɓa ba.

In azumi ya zo ba ta suya a tsakar gida da rana. In Kirsimeti ta zo, liman take kai wa kajinta ya yanka, don in ci. Tana tsokanata wai ƙosaina gishiri ya yi yawa, amma kullum sai ta miƙo kwano.

Ranar Talata muna tsaye bakin get tana jiran keke zai kai ta asibiti. Ta danƙa min makullin ɗakinta, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, in ban dawo ba, ki faɗa wa yayana Ayuba a kai ni garinmu Yangoji. Kusa da Mama nake so, a bayan gida. Kada a bar ni a nan."

Na ce rufe bakinki, wa ya ce miki mutuwa za ki yi?

Keke ya zo, ta hau.

Kuskurena ke nan. Da na kira ko mutum ɗaya ya zo ya ji. Ba wanda ya ji sai ni.

Ɗazu matan cocinsu suka zo karɓar makulli, mutanen kirki ne, suna ta kuka. Sun ce tunda ba ta da kowa a kusa, jibi za su ɗauko ta daga mutuware su binne ta a nan. Na faɗa musu abin da ta ce. Ɗaya ta tambaye ni a hankali, "Mama, ta rubuta?" Na ce a'a. "Ke mece ce ɗinta?" Na ce kamfawun ɗinmu ɗaya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "To, ke neba ce, maƙwabciya kawai. Sai dai in dangi sun yi magana."

Ban ba da makullin ba. Yana ɗaure a bakin zanina.

Tsoro nake ji. Tsoron in je gaban Allah da amanar da ban isar ba. Ƙafata ba za ta kai ni tasha ba, balle Yangoji can yankin Kwali.

Allah Ya saka mata da alherin da ta yi min, Ya ba ni haƙurin wannan shirun da ke bayan bango. Ku taya ni addu'a, kowa yadda addininsa ya koya masa.

Amma kafin ku rubuta amin, in akwai mai bin hanyar Abaji yau, ko mai ɗan'uwa a Yangoji, ya taimake ni. A tambayi gidan Ayuba, yayan Saratu tica, dattijo ne mai noman doya, ba ya riƙe waya. Kada a aika masa ta bakin yara, kada ya ji a kasuwa. Babban mutum ya je, ya zaunar da shi tukuna.

Shi za a fara faɗa wa. A ce masa jibi ne, ya zo ya ɗauki ƙanwarsa.