Haƙoran Hoton Kakana

Da na ji ƙanshin kafur, sai in ganni a ɗakin kakata a Rawayya, adakarta a buɗe. Tsaya ka ji labarin wani hoto da ke cikin adakar nan, don na daɗe ina son faɗinsa.

Mijinta, wato kakana, sau ɗaya tak ya taɓa tsayawa gaban mai hoto. Shekarar da ya kai auduga Gusau ne, wani Bayarabe a Sabon Gari ya ɗauke shi. Lokacin in an wanke hoto sai an datse gefensa ya yi haƙora-haƙora kamar bakin zarto. Har katunan da ke zuwa ta gidan waya haka suke.

Bayan rasuwarsa yanar ido ta rufe wa kakata gani. Hotuna bakwai ne a adakar, shida na 'ya'ya da jikoki, sabon yayi, gefensu sumul. Sai ta zura hannu ta lalubo mai haƙoran, ta ɗora a cinya tana shafawa. Da haka take gane malam ɗinta.

Wata shekara ana sussukar gero, kawuna da ke koyarwa a Tsafe ya zo da albam na jera hotuna. Kowane hoto ya shige aljihun albam ɗin, na kakana ya cije. Kawu ya ce ai haƙoran nan ƙauyanci ne, Bayaraben ma ya daina tuni. Ya zaro reza. Kakata ta ji ƙarar takardar rezar, ta tambayi abin da zai yi, ya gaya mata.

"Kai kana da ido," in ji ta, "ni da yatsa nika ganinai. In ka yanke, mi ka bar man?"

Ya ce haba Inna, gefe ne kawai, fuskar na nan. Hannu ta miƙa, kuma ba ta janye ba sai da ya ɗora mata shi.

Yau hoton yana wurina. Ba wanda ya koya min adana tsofaffin hotuna, bin gidajen dangi na yi ta yi har Bungudu ina tattarawa. Yanzu inji ke fito da hoto, yara kuma su ɗauka a waya su share gefen da yatsa. Kwanaki ƙanena ya matsa na kai a manne shi a leda, mai shagon ya ce sai an daidaita bakin tukuna. Na karɓe abina na fito. Ya koɗe in zai koɗe. Ina raye dai ba mai rage masa haƙori ɗaya.