Kashin Kaji a Lambun Duniyar Wata

Har yau in aka ambaci taki a cibiyar binciken, sai an waiwaya an dubi Baba mai lambu.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da furannin harabar, kafin a mayar da shi ɗakin gilashi. A nan wata matashiyar Dakta ke gwada shuka latas cikin turɓaya mai ruwan toka, wadda aka haɗa ta yi kama da ta duniyar wata. Wai nan gaba mutane za su tare can, kuma ai dole su ci. Aikin Baba bai da yawa: ya zuba ruwa daidai layin kofi, ya ja ƙofa.

To, shi mutum ne da ko tsiron bakin kwata ba ya iya takawa. Kullum ya ga latas ɗin ya yi rawaya, ya langaɓe kamar ɗan da aka yaye da wuri, sai abin ya tsaya masa a rai. Ran nan ya ƙullo busasshen kashin kajin matarsa a leda, ya marmashe, ya barbaɗa wa tukwane shida na baya.

Mako uku, ganye ya yi shar. Dakta ta yi ta ɗaukar hoto, ta kira manya, har ta fara rubuta rahoto. Baba na gefe da tsintsiya. In ya yi shiru, yarinyar nan mai rusuna masa kullum za ta kai ƙarya gaban duniya ba da saninta ba. In ya faɗa, saura shekara biyu ya yi ritaya, ƙila a sallame shi.

Kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa. Na uku ya tsaya a ƙofar ofis, hula a hannu.

"'Yata, ba turɓayarki ba ce. Kaji ne."

Dakta ta dafe kai. Aikin rabin shekara ya bi ruwa. Can sai ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baba. Cokali nawa ka zuba?"

Ba a kore shi ba, an dai hana shi shiga da leda. Direban cibiyar kuwa ya samu abin yi, da ya hango shi sai ya ce, "Injiniya! Yaushe za a harba kajin sama?"

Baba ba ya ko ɗagowa daga shararsa.

"Yi ta dariya, ɗan nan. Ni dai na gaya mata: duk wanda zai tafi can ba kaza, ya ci ya ƙoshi tun daga gida."