Masakin Inna Tambaya da Aka Shafa wa Baƙin Tukunya

Da ta idar da sallar asuba, Inna Tambaya takan jawo kaskon garwashi ƙofar ɗakinta a Sabon Garin Gusau, ta cusa wuƙaƙenta uku a ciki, ta zauna jiran su yi ja. Kafin masu koko su fito, ƙamshin ƙonannen duma ya cika gidan hayar. Ta ɗora ƙwarya a cinya, ta ja layi da wuƙa mai zafi, hayaƙi ya tashi, ta hure, ta sake ja. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan tana haka. Bana hannu ya fara rawa, har ta ƙona yatsa sau biyu a wata guda, ta ce daga masakin da ke hannunta ta ajiye wuƙa.

Wanda bai sani ba zai ce ado ne kawai take yi. Ba haka ba ne. Duk inda matar nan ta zauna, sai wurin ya bi ta har cikin wuƙa.

A rugar mahaifinta kusa da Karakkai aka haife ta, kuma zanen ƙuruciyarta siraran layuka ne masu bin juna, irin sawun shanu a burtali, ga ƙahoni a jere. Aure ya kai ta gefen Tsafe, gidan Buba. Can ta buɗe ido ta ga duwatsu an ɗora wani kan wani, sai hannunta ya yi nauyi, zanen ya koma dunƙule-dunƙule, da zangarniyar dawa da ta gani a gonakin maƙwabta. Sannan shekarar nan ta zo da 'yan bindiga suka kore shanun, Buba ya bi sawu bai dawo ba. Ta iso Gusau da ɗaurin kaya ɗaya. Gida uku suka hana ta ɗaki don kawai sun ji harshenta na Fulani ne, kamar ita ce ta kore wa kanta shanun. Marta, mai sayar da kayan miya, ita ta buɗe mata ƙofa. Tun daga nan layin dogo ya shiga zanenta, da rufin kwano, da ƙananan furannin zanen da Marta take ɗaurawa ranar Lahadi.

Matan da tashin hankali ya koro sun san darajarta. Ladidi, 'yar garin Rawayya, ta kawo ƙwaryar auren 'yarta, ta zauna tana ba da labarin garinsu, Inna tana ji tana zana. Da aka miƙa mata, ta ga tsamiyar bakin rijiyarsu a jiki, sai ta rufe fuska da mayafi. Irin waɗannan ƙore sun fi ɗari a ɗakunan amare, daga Gusau har Bungudu.

Masakin ƙarshe kuwa nata ne. Ta jera rayuwarta a kai zobe-zobe: Karakkai a gindi, Tsafe a tsakiya, Gusau a baki. Tsakanin Tsafe da Gusau ta bar zobe guda fari fat, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Marta ta tambaye ta ko mantuwa ce.

"Shekarar gudu ta," in ji Inna. "Mi zan zana? Ban ga komi ba sai bayan wadda ka gabana."

Ana nan sai ga Malam Mahadi, sakataren wani kwamitin baje kolin kayan al'adu, da babbar riga da zaƙin baki. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce aron kwana bakwai yake so, manyan baƙi za su gani. Inna ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya: a rubuta sunanta, da sunayen wuraren nan uku, don a san an yi ruga a can, an yi mutane. Ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Ranar buɗewa ta yi wanka, ta ɗaura zanen salla, Marta ta riƙe mata hannu har zauren. Suka yi ta dubawa ba su ga masakin ba. Ashe yana gabansu, a cikin akwatin gilashi, ya yi baƙi ƙirin. An kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa an mulke shi don ya yi kama da tsohon kaya. Farin zoben nan ya bi sahun sauran. Marta ta sunkuya ta karanta takardar da aka manna: "Ƙwaryar Fulanin da, ta haura shekara ɗari. Ba a san wanda ya yi ta ba."

Ba a san wanda ya yi ta ba! Mutumin da ya durƙusa a gabanta makon jiya, ya sha furarta, shi ne bai san ta ba. Kuma ƙwarya mai shekara ɗari ce za ta zo da furannin atamfar da Marta take ɗaure da ita a wurin? Ko kunyar wannan ba su ji ba.

Inna ta kai hannu ga gilashin, mai gadi ya daka mata tsawa: "Inna, ba a taɓawa!" Ta ce a kira mata Mahadi. Ya zo yana share gumi, ya ja ta gefe, ya rage murya.

"Inna, ki gane. Baƙin nan tsohon abu suke so. In muka ce sabo ne, kuma mai shi tana nan Sabon Gari, darajarsa za ta faɗi."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ashe raina shi ka ɓata muku kaya. To ku yi haƙuri, ban mutu ba tukuna. Buɗe ka ba ni abina."

Ta faɗa da ƙarfi yadda na nesa ma suka waiwayo. Ba shiri aka kawo mabuɗi. Ta ɗora masakin a ka kamar mai tallan nono, ta ratsa tsakiyar manyan baƙin ta fice, Marta na biye. Kwana uku suna wankinsa da toka da sabulu. Mai ya riga ya shiga jikin duma. Zoben bai sake yin fari ba, kuma hannun da zai zana wani ya riga ya gaji.

Inna Tambaya, ke ce kika ɗauko Karakkai da Tsafe a kan cinya kika shigo da su birnin da ya so ya hana ki wurin kwana. Ke ce kika mayar wa matan da aka raba da garuruwansu abin da za su nuna wa jikoki. Gwanar wuƙa, ba ki taɓa shiga aji ba, amma kin rubuta abin da masu biro suka kasa. Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya saka wa Marta ita ma da alheri.

Mu kuma da ke da halin sai abu ya tsufa ko mai shi ya kwanta dama sannan mu fara yabo, ya kamata mu ji kunya. 'Yan mata masu sha'awar sana'ar nan, bakin Inna bai gaji ba ko da hannu ya gaji, ku je ku zauna kusa da kaskon ku koya. Ga abin da kwamitin ya ƙi rubutawa: Tambaya matar Buba ce ta zana masakin nan, haifaffiyar rugar Karakkai, wadda ta yi aure a Tsafe. An san ta sarai. Tana Sabon Gari, gidan Marta mai kayan miya, ɗaki na biyu hannun dama. Ku yi sallama, za ta amsa.