Ranar da Isogai Ya Ƙi Mayar da Ƙwallo

Tun kafin masu gyaran fili su iso za ka tarar da keken Isogai Kanji jingine da katangar rumfar jifa. Abin da yake fara yi shi ne ya tsoma hannunsa na hagu a bokitin ruwan ɗumi, don manuniyarsa ta daɗe da sandarewa, sai an lallaɓa ta take lanƙwasa. Daga nan ya shafa wa safar cafensa mai, ya ɗaura sulken ƙirji da na ƙwauri, ya rufe fuska da ragar ƙarfe, ya tsuguna. Aikin ke nan fa, tsuguno. Majefa ƙwallo su zo ɗaya bayan ɗaya su ɗumama hannu a kansa kafin su fita fili: su jefo, ya cafe, ya mayar. Sama da shekara talatin yana wannan a kulob ɗin besbol na garinmu, bai taɓa shiga wasa ba, sunansa bai taɓa hawa allo ba. A ƙarshen watan nan zai rataye safa, kuma na rantse rabin masu zuwa kallo ba su san kamanninsa ba.

Gwanintar masu irin aikinsa a ƙara take. Ƙwallo ta taho, ya tare ta a tsakiyar safa da ɗan karkata wuyan hannu, sai ka ji "fau!" har wurin ajiye motoci, ya bi ta da ihu: "Yauwa! Ita ke nan!" Majefin da ya tashi da sanyin jiki sai ka ga kafaɗarsa ta buɗe. Haka aka gada, kuma a duk ƙasar nan ba a yi wanda safarsa ta kai ta Isogai amo ba. Tsofaffin 'yan wasa, masu kiransa Iso-san, wato Malam Iso, har tsokanarsa suke yi.

"Iso-san, kai ko kakata ce ta jefo maka lemo sai ka sa shi ya yi ƙarar bindiga."

"Kawo ta gobe," in ji shi. "Na tabbata ta fi ka saiti."

Kulob ɗin namu kuwa a wancan zamani sai dai a ce sannu. Gindin tebur ya zama kamar gidan gadonmu. Duk yaron da muka rena ya yi ƙwari, da zarar shekarunsa sun cika ya samu 'yancin zaɓar inda zai yi wasa, sai ya tattara ya nufi Tokyo ko Osaka, mu kuma mu je mu kwaso tsofaffin da wasu suka gama tatsa. Mai kulob attajiri ne mai kamfanin taliya, har magoya baya suna cewa taliyarsa ta fi 'yan wasansa tauri. Da abin ya ishe shi sai ya ce an daina sayen gajiyayyu, da yara za a sake gini daga tushe.

A shekarar ce Komuro Naoya ya gama jami'a, majefin da kowa ke mafarki. A taron zaɓen sababbin 'yan wasa kulob-kulob suka yi ca a kan sunansa, dole aka koma ga ƙuri'ar sa'a. Koci Takarabe, wanda sai da ya hau dutse ya roƙi sa'a a wurin ibada ya kuma ƙaurace wa giya, ya zira hannu a akwati ya zaro takarda. Tamu ce! Garin ya ruɗe. Aka rataya hoton yaron tun daga farkon kasuwa har ƙarshenta, mai shagon taliya na bakin tasha ya sa wa babban kwanonsa suna Komuro. Tun kafin ya jefa ƙwallo ɗaya aka shelanta shi ne zai buɗe kakar wasa, tikiti ya ƙare.

To ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi: kowa ya san gwiwar hannun yaron ta lalace. Kowa fa! Sumie, matar da ke dafa abinci a gidan kwanan sababbi, tun a watan Janairu ta ga ya ajiye sandunan ci yana kai shinkafa baki da cokali a hannun hagu. Mai tausa ya sani. Kocin majefa ya sani. An gama cinye hannun tun a makaranta, inda ake sa shi jifa yau, a sake sa shi gobe, shi kuma allura yake sha a ɓoye ya fito yana murmushi. Amma sabon shiga ba ya cewa "ciwo nake ji", ƙarami ba ya kwance wa babba zani a gaban baƙi, ga gari guda ya rataya ransa a hannun nan. Sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum, yana jiran wani ya fara.

A sansanin horo na kudu, cikin Fabrairu, aka ce mai kulob zai zo da kansa ya ga abin da ƙuri'a ta ba shi. Da safe Koci Takarabe ya dafa kafaɗar Isogai.

"Iso, yau Shugaba zai tsaya a bayanka, ga 'yan jarida. Ka kaɗa mana ganga sosai. Ka gane?"

"Na gane, Koci."

Ya gane sarai. Kwantiraginsa na shekara-shekara ne, ba shi da wata sana'a ban da wannan tsugunon, kuma mai safa ba a tambayarsa ra'ayi. Ya tsuguna. Komuro ya jefo, ƙwallo ta iso a gajiye, Isogai ya sa ta ta yi tsawa. Mai kulob ya yi tafi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Amma daga inda yake yana hango abin da na bayansa ba sa son gani: duk jifa sai yaron ya cije leɓe, ya saki hannu yana reto, yatsunsa suna rawa. Isogai ya ji kunya ta rufe shi. Ashe shi ne ke zuga yaron nan ya ƙarasa karya kansa, da wannan ƙarar da yake taƙama da ita.

Ƙwallo ta gaba ta zo, ya bar ta ta faɗa yadda take. "Bus," kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Babu ihu. Aka kalli juna. Mai kulob ya juya ya ce, "Me ya faru?" Koci ya yi dariyar yaƙe ya ce ai santsi ta yi.

Sai Isogai ya miƙe.

Jama'a, mai safa ba ya miƙewa sai majefi ya cire hula ya ce ya gama. Ban taɓa gani ba, waɗanda suka girme ni a aikin jarida ma ba su taɓa gani ba. Ya tuɓe ragar fuska, ya cusa ƙwallon a aljihun baya, ya juya ya rusuna wa mai kulob.

"Shugaba, a gafarce ni. Ƙarar da ka ji tawa ce, ba tasa ba. Hannun yaron nan ya lalace. In ya ci gaba, ba zai sake jifa ba har abada."

Ko na'urorin ɗaukar hoto sai da suka tsaya. Koci ya yi jawur.

"Isogai! Ka haukace ne? Koma ka tsuguna!"

"Iso-san, ba ni ƙwallo!" in ji Komuro. "Lafiyata ƙalau! Don Allah ba ni ƙwallo!"

"Zan ba ka," in ji Isogai. "Cire hula da hannun dama ka gai da Shugaba tukuna."

Yaron ya ɗaga hannu. Ya zo ƙirji, ya zo haɓa, ya tsaya nan yana kakkarwa. Ya cije, ya sake yunƙuri, gwiwar ta ƙi lanƙwasa. Gaban mai kulob, gaban ƙasa gaba ɗaya, saurayin da aka ce shi zai ceci gari ya kasa taɓa hularsa. Hawaye suka zubo masa. Mai kulob ya juya ya shiga mota.

Kai ne, Iso-san, ka yi wannan. Kai da ko a liyafar ƙarshen shekara kake zama kusa da ƙofa, kana zuba wa sa'o'in 'ya'yanka abin sha. Ina ka samo wannan zuciyar?

Kada wani ya ɗauka tafi aka yi masa. Ina! Likita ya buɗe gwiwar ya ce da an ƙara mako kaɗan da sai dai labari, amma wa ya saurari likita? Abin da mutane suka gani shi ne Komuro ba zai yi wasa ba sai bayan shekara da wani abu, kuma mun sake komawa gindin tebur. Magoya baya suna zagin "wannan mai safar" ba tare da sun san sunansa ba. Mai kulob ya ce ba zai kore shi ba, amma kada ya sake ganin fuskarsa. Aka tura shi rukuni na biyu, can filin da ke tsakiyar gonakin shinkafa, inda 'yan kallo ba su wuce tsofaffi masu yawo da karnuka ba.

Can ɗin kuma nan ake kai masu jinya. Da aka kwance wa Komuro hannu, wa zai tarar a tsugune yana jiransa? Yaron ya daɗe ba ya ko amsa gaisuwarsa, yana ganin shi ne ya tozarta shi. Sumie, da ke dafa musu abinci a can ma, ta ce abin tausayi ne da ban dariya: kullum da safe mutum biyu da ba sa magana, suna jefa wa juna ƙwallo daga kusa kamar 'yan firamare, kowane wata a ɗan ƙara tazara. Isogai bai taɓa ba shi haƙuri ba, bai kuma sake yi masa ƙarar ƙarya ba. Mai kyau ta yi amo, maras kyau ta faɗi shiru. Sauran yaran da aka riƙa zaɓowa shekara bayan shekara, duk ta hannunsa suka bi, kuma da wuri suka koyi cewa a gaban wannan tsoho ana iya cewa "kafaɗata na ciwo" ba tare da sama ta faɗo ba.

Da waɗannan yaran aka tashi. Komuro ya dawo ya fi da, ya ja su, muka hau tsakiyar tebur, muka hau sama, bara muka ɗauki kofin da kakanninmu suka mutu suna jira. Aka yi ta cilla sabon koci sama, aka cilla mai kulob, aka zaga gari a buɗaɗɗiyar mota. Isogai a talabijin ya kalla, a ɗakin cin abincin rukuni na biyu, don ba wanda ya tuna ya aika masa da katin shiga.

Na ɗauka mamakina ya ƙare. Sai makon jiya.

Shekarun Komuro sun cika, ya samu 'yancinsa. Gari ya saki jiki, ai wanda aka yi jinyarsa aka jira shi ba zai tafi ba. Ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ya gode, zai koma Tokyo. Innalillahi! Kafin yamma an sauke hotunansa daga kasuwa, mai shagon taliya ya goge sunansa daga allo. Ni kaina raina a ɓace na hau jirgin ƙasa zuwa gonakin shinkafa. Na tarar Isogai yana haɗa kayansa a kwali, Sumie tsaye a kansa da ludayi tana masifa.

"Butulu! Butulu kawai! Kai ka rasa matsayinka saboda shi, ka ƙare rayuwarka a cikin kwaɗi, shi kuma ya kwashi hannun ya kai wa masu kuɗi. Iso-san, ka yi magana mana!"

"Ya zo nan jiya da safe," in ji shi, yana naɗe sulke.

"Ya zo? Ya ce me?"

"Ya durƙusa a bakin ƙofa, goshi a ƙasa. Wai in na ce ya zauna, zai zauna."

Ni da Sumie muka kalli juna. Kalma ɗaya fa! Kalma ɗaya daga bakin wannan tsoho, da gwarzonmu yana nan.

"To me ka ce masa?" na tambaya.

"Na ce ya tashi, yana ɓata wandonsa. Na ce can akwai sanyi a farkon kakar wasa, ya riƙa sa riga mai dogon hannu."

"Haba, Iso-san! Bayan duk abin da ka yi don kulob ɗin nan?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi wauta.

"Kulob? Ni ba don kulob na miƙe ba. Hannunsa ne. Cewa na yi kada a karya, ban ce a ajiye mana ba."

Sumie ta zauna a kan kwali. Ni kuma na kama hanyar gida.

Iso-san, katangar da ake jifa ba ta ramawa, mun gode. Mun gode da gwiwoyin da ka cinye a ƙasar rumfa, mun gode da ranar da kowa ya yi shiru kai ka ƙi. Mu da muke tafi a kan benci ƙaunarmu ta ciniki ce, muna son yaro ne muddin yana ci mana wasa. Kai ka so shi har da tafiyarsa. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka samu wanda zai riƙa kai ka kamun kifin da kake ta cewa za ka koya.

Ku kuma da kuke riƙe da 'ya'yan mutane, a fili ne ko a aji ko a masana'anta, kuna gani ana cinye su kuna jiran wani ya fara magana: Isogai ma yana da iyali, yana da tsoro, kuma ba shi da kowa a sama. Ya miƙe duk da haka, kuma yau akwai saurayin da zai tafi Tokyo da hannunsa lafiya.